Bindiga Ta Fi Yaƙinta Tsawon Rai: Lacca Kan Yaɗuwar Ƙananan Makamai a Duniya

 

An ɗora mini in yi bayani a kan yaɗuwar ƙananan makamai a duniya da jinin da ake zubarwa da su, watau makaman da mutum guda zai rataya a kafaɗa ko ya soke a ƙugu, kamar bindigar soja da libarba da gurneti, da kuma waɗanda mutum biyu ko uku za su cicciɓa ko su kafa a bayan mota, kamar bindiga mai jigida da ta harba roka. Tun daga 1945, sa'ad da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki, manyan dauloli suka shagala da tsoron wannan makami, suna taro bayan taro a kansa, alhali kuwa har yau ba a sake jefa shi a kan kowa ba. Amma abin da ya yi ta cika maƙabartu a tsawon wannan zamani, daga Kwango zuwa Kolombiya, daga Kabul zuwa Birnin Gwari, shi ne ɗan ƙarfen nan da nauyinsa bai wuce kilo 4 ko 5 ba. Wata cibiyar bincike da ke Janiba a ƙasar Suwizalan, mai suna Small Arms Survey, ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogin da ke duniya sun haura biliyan 1, daga ciki miliyan 133 ne ke hannun sojoji, miliyan 23 a hannun 'yan sanda da makamantansu, sauran miliyan 857 kuwa suna hannun farar hula, mai lasisi da marar lasisi.

Mas'alar da nake so mu tsaya a kanta ita ce asalin waɗannan bindigogi. In ka ɗebe waɗanda maƙera ke haɗawa a ɓoye, waɗanda ba su ne ke tashin gari a dare ɗaya ba, kusan duk bindigar zamani da ke hannun ɗan fashi ko ɗan tawaye halattacciya ce ranar da aka ƙera ta: ta fito daga masana'anta mai rajista, an buga mata lamba a jiki, an rubuta ta a littafi, galibi ma da kuɗin baitulmalin wata ƙasa aka saye ta. Saboda haka duk inda ka ga haramtacciyar bindiga, to, akwai wani wuri a bayanta inda amana ta tozarta, ko wanda aka ba ajiya ya gudu, ko ya sayar, ko ya ba da kyauta ga wanda bai kamata ba, ko ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce. Tun da yake kuma bindiga ba ta ruɓewa, wadda aka kula da ita da ɗan mai tana iya yin shekara 40 ko 50 tana aiki, laifin da aka yi a dare ɗaya sai jikoki su tarar da shi.

Sarauniyar waɗannan makamai, ba jayayya, ita ce AK-47, wadda wani sajan na sojan Tarayyar Sobiyet mai suna Mika'il Kalashnikof ya ƙago bayan an ji masa rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kammala ta a 1947, rundunar ƙasarsa ta karɓe ta a 1949. Akwai waɗanda suka fi ta saiti. Haƙurinta ne ya ɗaukaka ta. Sassanta masu motsi kaɗan ne, an kuma bar 'yar rata a tsakaninsu da gangan, har ya zamana yashi da laka da tsatsa ba su cika hana ta tashi ba. Mutum na iya kwance ta ya mayar a kan tabarma ba tare da neman maƙeri ba. Gidan harsashinta na cin 30, waɗanda in an danne kunama an riƙe za su ƙare cikin kamar daƙiƙa 3. A zamanin Yaƙin Cacar Baki Sobiyet ta ba ƙawayenta izinin ƙera ta, irin su Sin da Jamus ta Gabas da Romaniya da Bulgeriya da Masar, har ana ƙiyasta cewa ita da danginta sun kai miliyan 100, ƙasar Mozambik ma ta zana ta a tutarta.

Ku dubi abin da wannan ya sauya. A da, maharbi sai ya shekara da shekaru yana koyon jan baka, barde kuwa sai da doki da lifidi da sulke da bara mai yankan ciyawa, mai adaka ma in ya harba sau ɗaya sai ya tsaya ya zuba albarushi ya daddanna kafin ya sake; don haka yaƙi na da tsada, yana hannun masu mulki da dattawa, mutanen da ake sanin ƙofar gidansu, waɗanda in al'amari ya yi tsanani ana iya aika musu manzo a zauna sulhu. Bindigar zamani ta sauke wannan tsada gaba ɗaya, ta yadda yaro ɗan shekara 12, kamar waɗanda aka gani a yaƙin Laberiya da Saliyo, zai koyi sarrafa ta da hantsi ya tare hanya da la'asar.

Kada wani ya ce dauloli ba su da ikon toshe hanyar makamai. Turawan nan da suka yi ƙarnoni suna jibge bindigogin adaka a gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musayarsu da bayi, ranar da suka ƙudura cin ƙasar kanta, sai suka taru a Burusal a 1890 suka yi ittifaƙi a kan hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan yankin da ke kudu da Sahara, kuma hanin ya yi aiki gwargwadon bukatarsu. An ga sakamakonsa a Umdurman a 1898, inda aka kashe Ansaru, mabiya Mahadin Sudan, fiye da 10,000 alhali rundunar Ingila da Masar ba ta rasa ko mutum 50 ba, an kuma gan shi a Sakkwato cikin Maris 1903, da Burmi cikin Yuli na wannan shekara, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ashe idan maslahar masu ƙera makami ta bukaci a toshe, ana toshewa.

To, ta ina take yoyo a zamaninmu? Mafi munin ƙofa ita ce faɗuwar hukuma. A 1979, da gwamnatin Idi Amin ta kife a Yuganda, sojojin barikin Moroto da ke yankin Karamoja suka tsere suka bar rumbun makamai ba mai gadi, makiyayan da ke kewaye, 'yan ɓangaren Matheniko, suka shiga suka yi ta jidar bindigogi da harsasai. Mutanen Karamoja sun gaji harin shanu kaka da kakanni, amma da mashi ake yi, da izinin dattawa, da ƙa'idojin da ke iyakance ɓarna da hanyoyin biyan diyya in an yi kisa. Da bindiga ta shigo, sai ɓangare guda ya wayi gari ya fi 'yan'uwansa ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kwashe musu garkuna, yunwar 1980 ta zo ta tarar da waɗanda aka bari ba saniya ko ɗaya, su kuma waɗanda suka tsira suka fahimci cewa ba zama sai da bindiga, suka sayar da abin da ya rage suka saya. Saurayin da ke iya tara sadakinsa da bakin bindiga bai ƙara jiran iznin tsoho ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a dazukan Zamfara da Katsina, tun daga satar shanu har zuwa garkuwa da mutane, ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Irin wannan ta faru a kudu maso gabashin Turai a 1997, lokacin da kamfanonin adashen damfara suka cinye dukiyar mutanen Albaniya, jama'a suka fusata suka fasa rumbunan soja suka kwashe bindigogi fiye da rabin miliyan, shekara na zagayowa aka ga da yawansu a yaƙin Kosobo. Ta Libiya kuwa a ƙofarmu aka yi ta: an kashe Gaddafi a Oktoba 2011, rumbunan da ya shekara 42 yana cikawa suka zama ganima, kafin wata uku tawaye ya tashi a arewacin Mali, cikin Maris 2012 aka yi juyin mulki a Bamako, sa'an nan Kidal da Gawo da Tambutu suka faɗi a jere.

Akwai kuma kyautar manyan dauloli ga 'yan korensu, wadda ba a taɓa karɓarta a mayar ba. Makaman da Amurka ta tura wa mujahidan Afganistan ta hannun Pakistan a shekarun 1980, wani kaso nasu bai ƙetare iyaka ba, ya tsaya a kasuwannin Pakistan. A 2007 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya bayyana cewa bindigogi kimanin 190,000 da aka raba wa jami'an tsaron Iraƙi ba a san inda suka shiga ba. Mu ma ba mu tsira ba, gama rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayyar Nijeriya na 2019 ya ambaci AK-47 fiye da 88,000 na 'yan sanda da ba a iya ba da bahasinsu ba.

Bari in ɗan daɗe a kan dillali, domin a wurinsa ne ake ganin yadda halal ke rikiɗa ta zama haram da alƙalami kawai. A al'adar wannan ciniki, ƙasar da za ta sayar tana neman takarda daga ƙasar da za ta saya, mai shaida cewa kayan nata ne, a hannunta za su tsaya, ba za ta miƙa wa wani ba. Cikin Maris 1999 wani ƙaton jirgin dakon kaya ya tashi daga Yukren ɗauke da tan 68 na makamai, da takarda mai hatimin hukumar Burkina Faso, ya sauka a Wagadugu. Kome bisa ƙa'ida. Daga nan sai wani ƙaramin jirgi, mallakar wani dillali mai suna Leonid Minin, ya riƙa kwasar kayan sawu-sawu yana kai su Monrobiya, wurin Charles Taylor, shugaban Laberiya na lokacin, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta sayar wa ƙasarsa makami tun 1992, shi kuma yana tallafa wa 'yan tawayen Saliyo, waɗanda suka shahara da datse hannuwan mutane, suna biyansa da lu'ulu'u. A Agusta 2000 'yan sandan Italiya suka kama Minin a wani masauki kusa da Milan, da lu'ulu'u da tulin takardun ciniki a ɗakinsa. Amma daga bisani kotunan Italiya suka yanke cewa ba su da hurumin hukunta shi a kan makaman, tun da kayan ba su taɓa taka ƙasarsu ba. Mai ƙera ya ce ya ga takarda, mai jirgi ya ce dako aka ba shi, alƙali ya ce ba huruminsa ba ne, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tashi.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa wannan bala'i na ƙasashen da ake yaƙi ne kaɗai. Wani bincike na masana kiwon lafiya ya ƙiyasta cewa a 2016 mutum kimanin 251,000 ne bindiga ta kashe a wajen fagen fama, rabinsu a ƙasashe shida na nahiyar Amurka: Barazil, Amurka, Meziko, Kolombiya, Benezuwela da Gwatemala. Farar hular Amurka su kaɗai, a ƙiyasin 2018, suna riƙe da bindiga miliyan 393, watau sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma a 2021 ta kashe mutum 48,830 a can, fiye da rabinsu kansu suka harbe, wa'iyazu billahi. Meziko na da doka mai tsanani, har ta daɗe kantin sayar da bindiga ɗaya tak gare ta, shi ma a hannun soja, amma galibin bindigogin da aka kama a hannun masu fataucin ƙwaya aka bi sawunsu, daga kantunan Amurka suka fito, an saye su da rasit. Meziko ta kai ƙarar masu ƙera su a 2021, Kotun Ƙolin Amurka ta kori ƙarar a 2025.

Na san akwai mai cewa bindiga ba ta kisa, zuciya ce ke kisa, ya kafa hujja da Ruwanda, inda a 1994 aka hallaka ɗaruruwan dubbai galibi da adduna da kulake. Rabin maganarsa gaskiya ce. Sai dai ko a Ruwanda, sojoji da gurneti da bindiga ne suka riƙa buɗe wuta a majami'u da makarantun da mutane suka fake, kana masu adda su bi baya. Sa'an nan mai adda ana iya rirriƙe shi, ana iya tsere masa, hannunsa na gajiya, kafin ya isa wurin abokin faɗansa wani dattijo na iya shan gabansa. Mai bindiga kuwa babu tazarar da rabon faɗa zai shiga tsakanin fushinsa da jana'iza. Ostareliya ta gwada wannan a aikace: bayan wani mutum ya harbe 35 a Port Arthur a 1996, hukuma ta haramta nau'o'in bindiga masu saurin harbi, ta saye kimanin 650,000 daga hannun jama'a ta lalata.

Malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa fuƙaha'u sun riga mu ga wannan bahasi. Imamul Bukhari ya ƙulla babi a Littafin Ciniki a kan sayar da makami a lokacin fitina, ya kawo cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi shi. Malaman Malikiyya kuma, bisa ƙa'idar saddu zari'a, watau toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna, sun hana sayar da makami ga wanda ake da rinjayen zaton zai yi zalunci da shi, ko da cinikin ya cika sharuɗɗansa a zahiri. Ya inganta kuma cewa Manzon Allah ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu, kada ya yaƙushi wani. Wanda aka ɗora wa alhakin tsinin kibiya, yaya hukuncin wanda aka ba makullin rumbu? Shi kansa Kalashnikof, kafin rasuwarsa a 2013, ya rubuta wa shugaban majami'ar Rasha wasiƙa yana tambaya ko yana da kamasho a rayukan da bindigarsa ta ɗauka.

Duniya ba ta iso wannan matsayi a rubuce ba sai ranar 2 ga Afrilu 2013, da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Yarjejeniyar Cinikin Makamai da ƙuri'a 154, Iran da Siriya da Koriya ta Arewa suka ƙi, ta fara aiki a Disamba 2014. Ruhinta shi ne mai sayarwa ya auna, kafin ya ba da izini, ko za a yi kisan ƙare dangi ko zaluntar farar hula da kayansa, ko za su karkace zuwa wani hannu. Nijeriya ce ta fara tabbatar da ita a Afirka. Amma Rasha ba ta shiga ba, Amurka ta sa hannu ba ta tabbatar ba, a 2019 ma ta ce ta janye sa hannun, mu'ahadar kuma ba ta da alƙali ko ɗan doka, kowace ƙasa ita ke auna kanta. Afirka ta Yamma ta riga su yunƙuri, gama tun 1998 shugabannin ECOWAS suka ayyana a Abuja dakatar da shigowa da ƙera ƙananan makamai, suka mai da shi yarjejeniya a 2006. Ga shi yanzu Mali da Burkina Faso da Nijar, waɗanda hanyoyin fasa-ƙwaurin suka ratsa ta cikinsu, sun fice daga ƙungiyar.

Tattara makamai daga hannun jama'a ma yana da nasa sharaɗi. Ranar 27 ga Maris 1996 aka tara bindigogi kimanin 3,000 na tsofaffin 'yan tawaye a Tambutu aka cinna musu wuta a gaban Shugaba Alfa Umar Konare, aka yi irinta a Agadas a 2000, duniya ta yaba. Bayan shekara 16 garin Tambutu ya faɗa hannun 'yan bindiga. Manomin da aka sace matarsa, ya sayar da gonarsa ya biya fansa, ya kira hukuma ba ta zo ba sai da rana ta take, in ka ce ya miƙa bindigarsa zai tambaye ka ko na cikin daji sun miƙa tasu, ba ka kuwa da amsa. Hukumar da ke neman talaka ya ajiye makami, sai ta fara ɗauke masa dalilin da ya sa ya saya; in ba haka ba, tsofaffin da suka lalace zai kawo mata a ɗauki hoto, mai kyan tana binne a bayan rumbu.

Inda nake ganin kama ya fi sauƙi shi ne harsashi. Bindiga kamar fitila ce, sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kananzir ne, dole a koma wurin mai sayarwa duk ranar kasuwa. Maƙerin ƙauye kuma, ko da ya iya haɗa bindiga, ba ya iya ƙera harsashin AK, sai masana'anta. Amma galibin harsasan duniya ba su ɗauke da komai a gindinsu sai alamar masana'anta da shekara, abin da ba zai nuna wanda aka danƙa wa su ba. Barazil ta gyara wannan da dokarta ta 2003, wadda ta wajabta buga lambar rukuni a kan kwanson duk harsashin da aka sayar wa 'yan sanda da soja. A Agusta 2011 aka harbe wata alƙaliya, Patrícia Acioli, a ƙofar gidanta a Niteroi kusa da Riyo, mace ce da ta yi suna wajen hukunta 'yan sanda masu kisan gilla. Masu bincike suka tsince kwansunan da suka zube a ƙasa, suka karanta lambar, ta kai su ga harsasan da aka saya wa 'yan sandan jihar, aka bi zaren har aka ɗaure mutum 11, cikinsu da kwamandan bataliya. Da aka kashe 'yar majalisar birnin Riyo, Marielle Franco, a Maris 2018, an sake karanta lambar, ta nuna rukunin da aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006, sai dai an buga wa harsashi fiye da miliyan 1 lamba iri ɗaya, an rarraba su jihohi da dama, don haka ba ta iya nuna hannun da ya fitar da su ba. A Disamba 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani tsari na kula da harsasai tun daga masana'anta har zuwa harbawa ko lalatawa, wanda ya ƙunshi alamta su da rubuta su da bin sawunsu, amma alkawari ne na siyasa, bai zama tilas a kan kowace ƙasa ba. Wadda ta so ta fara, abin da take bukata shi ne ta gindaya wa mai sayar mata da harsashi sharaɗin buga lamba a ƙananan rukunai, ta kuma ajiye littafin da ke nuna barikin da kowane akwati ya tafi da sunan jami'in da ya sa hannu ya karɓa.